Duwatsun Murhu Uku: Sharhi a Kan Faifan Fever to Tell na Ƙungiyar Yeah Yeah Yeahs

Gabatarwa

Duk wanda ya sa faifan Fever to Tell a karon farko, da wuya ya yi minti biyar bai kai hannu ya rage ƙara ba. Jita tana kuka kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, ganga tana sukuwa, ga kuma wata mace tana kwarara ihu kamar wadda kunama ta harba. Mu ma abin da muka yi ke nan. Muka ce wannan hayaniyar samarin birni ce kurum, ba ta cancanci a ɓata mata tawada ba. Sai daga baya, da muka daure muka bar faifan ya kai ƙarshensa, muka gane cewa mun yi gaggawar yanke hukunci, domin abin da ke can gaba ya sauya mana ma'anar duk abin da muka ji a baya.

Faifan na wata ƙungiyar makaɗa ce ta mutum uku daga birnin Niyok na Amurka, mai suna Yeah Yeah Yeahs. Ya fito a watan Afrilu na 2003, shi ne kuma cikakken faifansu na farko. Tsawonsa minti 37 ne da 'yan daƙiƙu, yana ɗauke da waƙoƙi goma sha ɗaya da aka jera sunayensu, da wata guda da aka ɓoye a ƙarshe. Yau, fiye da shekara ashirin da fitowarsa, yawancin waɗanda suka san shi waƙa ɗaya tak suka sani a cikinsa, wato "Maps". Abin da muke son mu nuna wa mai karatu a wannan sharhi shi ne, wanda ya tsinci wannan waƙa ita kaɗai ya bar sauran ya cuci kansa, ya kuma cuci waƙar, saboda rabin zaƙinta daga maƙwabtanta ta samo shi. Za mu duba asalin irin wannan kiɗa, da yadda mutum uku suka ɗauki kayan mutum huɗu, da zubi da tsarin faifan, sannan mu faɗi inda muke ganin ya gaza, don sharhin da babu gyara a cikinsa roƙo ne kawai.

Asalin Kiɗan Gareji

Masu nazarin kiɗan Turawa suna sa wannan faifai a rukunin da suke kira rok na gareji. Sunan ya samo asali ne daga Amurka ta shekarun 1960, musamman bayan zuwan ƙungiyar Beatles ƙasar a 1964, lokacin da ɗimbin samari suka sayi jita da ganga masu araha suka riƙa koyon kiɗa a garejin motar iyayensu. Ba su da gwaninta, ba su da kuɗin shiga babban situdiyo, sai zafin nama da ƙarfin hali. Abin da suka ɗauka a faifai yakan fito da tsatsa da ƙura, murya na shaƙewa, jita na tsagewa. Waƙar "Louie Louie" da ƙungiyar Kingsmen ta ɗauka a 1963 ita ce misalin da aka fi bayarwa. Kalmominta ba su fita sosai ba, har hukumar binciken manyan laifuffuka ta Amurka ta shafe watanni tana sauraron ta don gano ko akwai batsa a ciki, ta kuma kammala ba tare da ta iya tantance abin da mawaƙin ke cewa ba. A 1972 wani makaɗi kuma marubuci, Lenny Kaye, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi a kundin da ya sa wa suna Nuggets, daga nan aka fara kallon wannan rashin gogewa a matsayin salo mai zaman kansa.

Salon ya yi ta lafawa yana tashi har zuwa 2001, shekarar da ƙungiyar Strokes ta Niyok, mai mutum biyar, da White Stripes ta birnin Detroit, mai mutum biyu, suka sake fito da shi kasuwa. A cikin wannan guguwa Yeah Yeah Yeahs suka taso.

Mawaƙiyarsu, Karen O, an haife ta a Koriya ta Kudu a 1978, mahaifiyarta 'yar Koriya, mahaifinta ɗan asalin Polan, ta kuma girma a jihar New Jersey. A kwalejin Oberlin da ke jihar Ohayo ta haɗu da Brian Chase, wanda ke karatun kiɗan jaz, shi ne kuma ya zama mai gangar ƙungiyar. Da ta koma Niyok karatun shirya fim sai ta haɗu da Nick Zinner, mai jita kuma mai ɗaukar hoto. A nan akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe, don za mu dawo kansa: kafin su kafa ƙungiyar hayaniya a 2000, Karen O da Zinner sun fara ne da wata ƙungiya ta su biyu mai suna Unitard, inda suke rera waƙoƙi masu sanyi da jita marar lantarki. Ke nan taushin shi ne na asali, ihun daga baya aka yafa shi.

Ana kuma kiran su 'yan sa-kai, wato makaɗan da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai. Ƙaramin faifansu na farko, na 2001, da kansu suka fitar da shi. Shi ma Fever to Tell da kuɗinsu suka ɗauke shi a wani situdiyo mai sauƙin kuɗi da ake kira Headgear a unguwar Brooklyn, tare da abokinsu David Sitek na ƙungiyar TV on the Radio, sannan aka kai shi Landan inda Alan Moulder da Zinner suka daidaita sautinsa. Gaskiya ne babban kamfanin Interscope ne ya fitar da shi, amma an riga an dafa tuwon kafin kamfanin ya shigo, nasa rabawa ne kawai. Wannan ya sa faifan ya tsira da kaifinsa.

Amon Mutum Uku

A al'adar kiɗan rok, ƙungiya takan ƙunshi aƙalla abubuwa huɗu: murya, da jita, da ganga, da wata jita mai kaurin amo da ake kira bes. Ita bes tsarkiya huɗu gare ta, aikinta kuwa ɗaure ganga da jita wuri guda. Mai sauraro ba ya cika lura da ita, amma ita ce daɓen da sauran ke takawa. To, Yeah Yeah Yeahs ba su da mai bes, Karen O kuma ba ta riƙe da wani abin kiɗa. Ke nan duk abin da kunne ke ji a faifan nan, in ban da 'yan ƙawace-ƙawacen situdiyo, daga jita ɗaya da saitin ganga ɗaya da maƙogwaro ɗaya yake fitowa. Ba su ne farkon yin haka ba, don ƙungiyar Gories ta Detroit da Jon Spencer Blues Explosion da Sleater-Kinney duk mutum uku-uku ne marasa bes. Amma waɗancan jita biyu-biyu gare su, ɗaya na rufa wa ɗaya asiri. A nan Zinner shi kaɗai ne.

Bahaushe ya ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Dubarar Zinner ta farko ita ce raba hannunsa gida biyu: yakan kafa kari a kan tsarkiyoyi masu kauri, ya bar shi ya zauna a kunne, sannan ya yi tsalle zuwa sirara ya tsaga iska, ya komo kafin a ji giɓin. Ta biyu kuwa na'urorin da ake takawa da ƙafa ne, waɗanda ke kama ɗan guntun kiɗa su yi ta maimaita shi, shi kuma ya ɗora wani a kai. Waƙar farko, "Rich", da haka ta buɗe. Wani siririn sauti ne ke ta zagayawa, mutum ya rantse daga fiyano na lantarki yake fitowa, alhali jita ce. Sai ganga ta shigo a hankali, sai murya, kafin jita mai nauyi ta faɗo a kansu. A "Date with the Night" kuwa jitar ta koma jiniyar motar asibiti, a "Y Control" ta zama ƙararrawar gargaɗi da ba ta yankewa.

Shi kuwa Chase, karatun jaz da ya yi bai tafi a banza ba. Mai gangar gareji na gargajiya duka kawai ya sani. Chase yana duka, amma yana sauraron abokansa. Inda bes za ta cike, sai ya koma kan manyan gangunan da ke gefensa masu zurfin amo, ya sa su yi aikinta. Inda ake son ƙafa ta motsa, kamar a "Date with the Night", sai ya matsa wa fayafayan ƙarfen nan biyu da ake haɗawa da ƙafa, ya fitar da karin gidan rawa a ƙarƙashin ƙarar da ba ta yi kama da ta rawa ba. Yana kuma da sanin lokacin tsayawa. Tsit ɗin daƙiƙa guda da yake yi a tsakiyar waƙa yakan fi bugu goma tasiri.

Sai muryar Karen O. A kashin farko na faifan ba rera waƙa kawai take yi ba. Tana nishi, tana haki, tana dariyar ƙeta, tana shaƙe murya ta sake ta, tana ɗaukar gaɓar kalma guda ta yi ta tauna ta har ma'anarta ta zube, sauti kawai ya rage. A "Tick" kalma ɗaya take nanatawa kamar bugun agogo, tana ƙara sauri da tsini har ta koma ƙara zalla, mai sauraro ya ji a jikinsa abin da ake nufi da ƙurewar lokaci ba tare da an yi masa bayani ba. A amshin "Pin" ma babu kalma ko ɗaya, gaɓoɓi ne marasa ma'ana da take kwaikwayon jita da su. Wato muryar ta zama abin kiɗa na uku.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, duk da wannan ƙoƙari, ba su toshe gurbin bes gaba ɗaya ba, kuma muna ganin da gangan ne. Akwai wani rami a ƙarƙashin kiɗan da kunne ke ji ko bai san sunansa ba. Shi ne ke sa waƙoƙin su zama kamar mai gudu a kan katanga: ana sha'awar saurinsa, ana kuma fargabar faɗuwarsa. Tukunya a kan duwatsun murhu uku take zama daram, amma a janye ɗaya a gani. A ƙungiyar mutum biyar, wanda ya yi kuskure yana da inda zai ɓuya. A nan kowa a fili yake, kuma wannan tsirara ta amo ita ce farkon abin da ke jawo mutum ga faifan.

Zubi da Tsari

In muka dubi jerin waƙoƙin za mu ga faifan ya kasu kashi biyu, da zaure a tsakani. Waƙoƙi bakwai na farko, daga "Rich" zuwa "Cold Light", gaba ɗayansu kimanin minti 17 suka ci. Biyu daga ciki, "Man" da "Tick", ko minti biyu-biyu ba su kai ba. Babu gabatarwa mai tsawo, babu sallama. Waƙa takan faɗo, ta yi abin da ya kawo ta, ta katse, wata ta maye gurbinta kafin a numfasa. Muryar da ke magana a wannan kashi ta mace ce mai fankama da tsiwa, mai cika baki da dukiya da sha'awa da iya tsokana, wadda ke nuna ba ta bukatar kowa kuma babu abin da zai taɓa ta. Dare ne na birni, da giya da gumi da rigima.

Waƙa ta takwas, "No No No", ita ce zauren. Ta fi minti biyar, ta fara da irin zafin 'yan uwanta, amma can wajen ƙarshe sai ta saki jiki, ganga ta yi sanyi, sautuka suka riƙa amsa-kuwwa suna nisa kamar ana jin su daga wani ɗaki. Salon dub ne na ƙasar Jamaika aka aro. Kamar an tashi daga wurin biki ne, kunne na ta ƙugi, an fito titi babu kowa.

Daga nan, bayan an shafe minti 22 ana gumurzu, sai "Maps" ta shigo, "Y Control" ta biyo ta, "Modern Romance" ta rufe. Duk ukun sun fi yawancin na baya tsawo da natsuwa. Mai fankamar nan ta ɗazu ta sauke murya, ta daina wasa da kalmomi, tana faɗin abin da ke cin ta: tsoron rabuwa, da takaicin yadda namiji ya mallake rayuwarta, da ɗebe tsammani daga soyayyar zamani. "Modern Romance" tafiyar hawainiya take yi a kan amo guda da ba ya sauyawa, da 'yan ƙararrawa a bayansa, irin salon tsohuwar ƙungiyar Velvet Underground ta Niyok. Bayan ta ƙare akan yi shiru na ɗan lokaci, sai ɓoyayyar waƙar, "Poor Song", ta fito, murya da jita kusan su kaɗai, kamar an ɗauke ta a ɗakin kwana da asuba.

Sunan faifan kansa ya nuna wannan tsari. In za a fassara shi, kusan a ce zazzaɓin son faɗa, wato maganar da ta cika ciki har ta zama ciwo. Kashin farko zazzaɓin ne, na biyu faɗar.

Waƙar "Maps"

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan waƙa, tunda ita ce ƙashin bayan hujjarmu. Ta buɗe da sauti guda ɗaya tak na jita, ana kaɗa shi da sauri-sauri ba hutawa, kamar rawar ɗari. Wannan sauti yana nan a ƙarƙashin waƙar, bai hau ba, bai sauka ba. Sai Chase ya shigo da wani kari mai nauyi a kan manyan ganguna, wanda ya fi kama da bugun zuciyar mai fargaba. Sai wata jitar ta sauko da 'yan sautuka masu haske. Kafin murya ta furta komai an riga an gaya wa mai sauraro halin da ake ciki.

Kalmomin waƙar kaɗan ne ƙwarai, yaro ɗan aji ɗaya na sakandare zai iya karanta su. Roƙo ne ga masoyi mai shirin tafiya da ya dakata, da tuna masa cewa inda za shi ba zai sami irin riƙon da ake yi masa a nan ba. Karen O ta rubuta ta ne a kan saurayinta na lokacin, Angus Andrew, mawaƙin ƙungiyar Liars, a zamanin da yawon wasa ke raba su, kowa da garin da ya nufa. Sunan waƙar, wato taswirori, nisan da ke tsakaninsu yake nunawa. Ba ta yi ihu ko sau ɗaya ba a cikinta. Inda ihun ya kamata ya zo, bayan amshi, sai ta yi shiru, jitar Zinner ta fashe a madadinta, ta yi kukan da mawaƙiyar ta haɗiye, sannan ta lafa a koma kan roƙon.

A hoton bidiyon waƙar, wanda Patrick Daughters ya shirya, an nuna su ukun suna wasa a wani zaure gaban 'yan kallo ƙalilan, hawaye na gangarowa a kumatun mawaƙiyar. Ta bayyana daga baya cewa hawayen na gaske ne: saurayin ya yi alkawarin zuwa wurin ɗaukar hoton, ya makara da sa'o'i, ita kuma tana gab da tafiya yawon wasa. Labarin zuciya, in ji Bahaushe, a tambayi fuska.

To, ga inda muke son mai karatu ya lura. Waƙoƙin roƙon masoyi sun fi a ƙirga, kuma yawancinsu ba sa taɓa mu, domin mun san mawaƙin sana'arsa ke nan, gobe ma zai yi wani kukan. Abin da ya bambanta "Maps" shi ne bakin da ta fito. Mun shafe minti 22 tare da wannan mace tana nuna mana ita dutse ce. Mun yarda da ita, har mun fara jin tsoronta. Saboda haka da ta sauke kai ta ce a dakata, mun san abin da furucin ya ci mata. Kukan jarumi ya fi na matsoraci nauyi, ba don hawayensa sun fi yawa ba, sai don mun san ba ya yi. Haka kuma waƙar tana komawa baya ta fassara na gabanta: ashe duk ihun nan sulke ne. In muka tuna cewa da waƙoƙi masu sanyi ita da Zinner suka fara, za mu ga tsarin faifan tarihin ƙungiyar ne aka karanta daga ƙarshe zuwa farko.

Inda Faifan Ya Gaza

Kowane allazi da nasa amanu. Abu na farko, ba duk waƙoƙin kashin farko ne za su iya tsayawa da ƙafarsu ba. "Man" da "Cold Light" guntayen tunani ne da ba a gama ƙera su ba. Kari guda ne da kirari guda, an yi ta juya su har lokaci ya cika. A cikin jeri suna da amfani, don suna ƙara wa wutar itace, amma a ware su gefe, babu abin da zai sa a koma musu.

Na biyu, harshe. In aka rubuta baitocin wannan kashi a takarda aka karanta ba tare da kiɗa ba, abin da zai rage kaɗan ne, kuma a cikin kaɗan ɗin akwai batsa da zagi, musamman a "Black Tongue" da "Cold Light". Mun fahimci cewa da niyya aka yi: mace ce ta ɗauki irin bakin da mazan rok suka daɗe suna yi wa mata ta mayar musu. Duk da haka, tsokana ba ta cika daɗewa ba. Abin da ya girgiza mai sauraro a 2003 yau ya zama abin ɗaga kafaɗa, kuma ba faifai ne da za a sa a gaban yara ko surukai ba. Marubucin da ke neman gwanintar sarrafa kalma ba zai same ta a nan ba. Gwanintar tana cikin furuci da tsari.

Na uku, wutsiyar "No No No" ta yi tsawo. Mun yarda da aikin da take yi na zaure, amma zaure in ya fi ɗaki girma ya zama abin magana. Haka shirun da ke gaban ɓoyayyar waƙar, al'ada ce ta zamanin faifan CD wadda yau ba ta da wani armashi.

Na huɗu, ga mai sauraron da bai saba ba, ƙofar shiga faifan ƙunci gare ta. Da yawa za su juya tun daga waƙa ta uku. Wannan shi ne kuɗin da tsarin ya biya, kuma ba za mu ce kowa ya zama dole ya iya biya ba.

Abin da Ya Biyo Baya

An sa faifan cikin jerin masu neman lambar Grammy ta 2004 a rukuninsa, amma Elephant na White Stripes ne ya ɗauka. A shekarar ce kuma "Maps" ta kai mataki na 87 a jerin waƙoƙi ɗari da suka fi kasuwa a Amurka. Matakin ba wani babba ba ne, amma tasirinta ya wuce shi nesa. Max Martin da Dr. Luke, waɗanda suka rubuta wa Kelly Clarkson waƙar "Since U Been Gone" a 2004, daga "Maps" suka sami hasken ta, sai dai su sun ɗora mata ƙaton amshi irin na kasuwa, ta kuwa yi cinikin da uwarta ba ta yi ba. A 2016 Beyoncé ta aro daga amshin "Maps" a waƙarta "Hold Up", aka sa sunayen su ukun cikin marubutanta. A 2024 kuma matasa a TikTok suka ƙara mata sauri suka mai da ita kiɗan rawa na 'yan daƙiƙu.

Duk wannan shaida ce ta ƙarfin waƙar, amma mai karatu zai lura cewa kowane mataki yana ƙara nisanta ta daga gidansu. An cire ta daga faifai, an cire amshi daga waƙa, an cire daƙiƙu daga amshi. Wanda ya san ta ta wannan hanya ya san daɗin karinta, amma bai san nauyinta ba, kamar wanda aka karanta wa babin ƙarshe na littafi ne aka ce ya yi kuka.

Su kansu makaɗan ba su sake yin faifai irin wannan ba. A Show Your Bones na 2006 sun shigo da jita marar lantarki, a It's Blitz! na 2009 suka rungumi na'urorin kiɗan rawa, sannan Mosquito a 2013 da Cool It Down a 2022. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma ba mu ga laifinsu ba, don irin wannan zazzaɓi sau ɗaya yake kama mutum.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa amon Fever to Tell daga rashi aka gina shi: rashin bes, da rashin kuɗi, da rashin wurin ɓuya. Mun ga kuma cewa abin da ke riƙe mai sauraro shi ne yadda aka jera waƙoƙin, aka jinkirta maganar gaskiya har sai da aka shirya kunne ya karɓe ta. Faifan yana da waƙoƙi marasa ƙwari da baitoci marasa kunya, ba kuma za mu sa shi a sahun waɗanda babu abin zubarwa a cikinsu ba. Amma a matsayin aiki guda, daga farko zuwa ƙarshe, ya cim ma abin da ya nufa.

'Yan uwa marubuta, musamman masu tasowa, akwai abin ɗauka a nan. Sau da yawa mukan zuba duk abin da ke zuciyar tauraronmu tun a shafi na biyu, sannan mu yi mamakin yadda mai karatu bai damu da shi ba. Waɗannan mutum uku sun riƙe tasu maganar har waƙa ta tara. Shawararmu ga wanda zai nemi faifan ita ce ya ware minti 37, ya fara daga "Rich", kada ya tsallake ko ɗaya, ko da kunnensa ya yi ƙorafi. In ya isa "Maps" ta wannan hanya, muna sa ran zai rubuto wa wannan mujalla ya gaya mana ko mun yi ƙarin gishiri.